Zomayen Yaya Sun Shiga Yajin Cin Abinci

A gidaje da yawa na Amurka zomo ba naman miya ba ne. Yana da suna, yana da likita, yana da fayil a asibitin dabbobi, kuma idan ya samu kulawa yakan kai shekara 8 zuwa 12 yana yawo a falo. Tun 1988 wata ƙungiya mai suna House Rabbit Society, wadda aka kafa a Kalifoniya, take wa'azin cewa a daina jefa zomo a keji bayan gida, a shigo da shi ɗaki. Yayana, wanda ya daɗe a jihar Ohayo yana aikin lissafin kuɗi, bai taɓa karɓar wannan wa'azi ba. Shi a ƙauye ya tashi, ya yi kiwon zomaye da harawa da dusa, kuma duk zomon da ya sani a tukunya ya ƙare.

Amma 'yar autarsa ta karɓa. Ita ta nace har aka je gidan da ake ajiye dabbobin da masu su suka yasar, aka ɗauko manyan zomaye biyu. Ta raɗa wa macen Gimbiya. Namijin kuwa Yaya ya riga ta, ya ce Farfesu, yarinya ta yi kuka har ta gode Allah, sunan kuma ya bi shi.

Da yake Yaya mutum ne da ba ya sayen ko burodi sai ya juya farashinsa zuwa naira, bai ko leƙa kantin dabbobin ƙawa ba. Shagon manoma ya nufa, ya ciccibo ƙaton buhun felet, wato niƙaƙƙen abincin da ake dunƙulawa ƙanana-ƙanana, irin wanda masu kiwon zomon yanka suke saye. Da alfalfa ake yin sa. Kullum sai ya cika kwano fal, zomaye su ci su yi hani'an, shi kuma ya tsaya yana kallonsu yana cewa ga shi nan, ba a kashe kuɗi ba kuma dabba ta yi ƙiba.

Ƙibar ce ta fara tona asiri. Gimbiya ta zama ba ta iya lanƙwasawa ta kai baki bayanta, kuma wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga zomo, domin yana fitar da kashi iri biyu: busasshe mai kama da ƙwallo, da wani mai laushi wanda yake karɓa da baki tun daga mafita ya sake haɗiyewa saboda sinadaran da ke cikinsa. Wanda ba ta ci ba sai ya manne mata a gashi. Shi kuma Farfesu fitsarinsa ya koma fari mai kauri, idan ya bushe sai ya bar gari a kan leda.

Da aka kai su asibiti, likitar dabbobi ba ta ɗauki lokaci ba. Ta ce alfalfa dangin wake ce da gyaɗa, wato harawar Turawa ce kawai, mai yawan furotin da sinadarin kalsiyam. Ta dace da ɗan zomo mai girma da uwa mai shayarwa, ta kuma dace da zomon da za a yanka kafin ya cika wata shida, tunda shi ba zai kai lokacin da illar za ta bayyana ba. Babban zomo kuwa jikinsa na zuƙe kusan duk kalsiyam ɗin da ya ci, ya tura rarar ta fitsari, a hankali ta taru a mafitsara ta zama laka, wani lokaci tsakuwa. Maganin shi ne a koma felet na ciyawar timoti, wadda kalsiyam ɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na alfalfa ba. Ta ƙara da wasu bayanai, har ta ba shi takarda. Yaya ya ninke takardar ya sa a aljihu, don hankalinsa ya riga ya tafi kan farashi.

A kanti ya tarar ɗan ƙaramin ƙunshin timoti na zomaye, wanda ake riƙewa da hannu ɗaya, kuɗinsa ya kusa kama na buhun da yake saɓawa a kafaɗa. Ya ciro waya ya buga lissafi, ya yi salati, ya mayar da ƙunshin inda ya ɗauko.

Da daddare ya kira ni kicin, ni da nake zaune a gidansa ina karatu, ya rage murya ya ce, “Kai, ka san dawakin ƙasar nan ma timoti suke ci? Ciyawa ai ciyawa ce.” Washegari sai ga shi da buhun felet na dawaki mai nauyin fam 40. A gaskiya ba guba ba ne, ciyawar ce zalla aka matse, sai dai babu bitamin da ake ƙara wa na zomaye, kuma ya fi tauri. Inda aka yi ɓarnar shi ne sauyin. Yaya ya kwashe alfalfa kaf ya kai gareji, ya cika kwano da na dawaki, ya kakkaɓe hannu.

Gimbiya ta matso ta sansana, ta kama bakin kwanon da haƙori ta kifar. Farfesu ya buga ƙafar baya a ƙasa, alamar da zomo ke yi idan ransa ya ɓaci ko ya hango haɗari, ya juya wa kowa baya.

“Abba, ba sa ci,” in ji yarinya.

“Yunwa za ta koya musu hankali,” in ji Yaya. “Akuyar kakarku ma haka ta yi.”

To, zomo ba akuya ba ne. Hanjinsa ba ya son tsayawa ko kaɗan. Abinci ke tura abinci, kuma kaushin ciyawa ne ke tafiyar da komai. Idan ya daina ci, hanjin ya lafa, ƙwayoyin halittar da ke narka masa abinci su rikice, iska ta taru, ciwo ya ƙara hana shi ci. Ga shi ba ya iya amai. Shi ya sa likitoci ke cewa zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, a garzaya da shi asibiti. Duk wannan yana cikin takardar da ke aljihun Yaya, kuma Anti, matar Yaya, ce ta gano ta lokacin da za ta jefa wandon a injin wanki. Ta karanta mana da ƙarfi, tana tsayawa a kowace jimla tana kallon maigidanta.

Gimbiya ta haƙura ta ɗan taɓa ganye. Farfesu ya ƙi. Ya takure a lungu, ido a lumshe, yana niƙa haƙora. Abin da ya biyo baya ba zan so mutanen garinmu su gani ba: magidanci mai digiri biyu da ƙanensa, a durƙushe a falo tsakar dare, kowa da tocilar waya, ana laluben kashin zomo a bayan kujera. Da Yaya ya samu guda ɗaya, ɗan firit, busasshe, sai da ya ɗaga shi sama ya ce, “Alhamdulillahi!” Anti ta ce wannan na jiya ne.

Daren Asabar ne, asibitin da aka saba ya rufe, sai na gaggawa. Aka yi wa Farfesu hoton ciki, aka sa masa ruwa ƙarƙashin fata, aka ba shi maganin ciwo, aka haɗo Yaya da garin ciyawa da ake damawa a ɗura wa zomo da sirinji. Da aka miƙo takardar kuɗi, karon farko a sanina Yaya bai juya ta zuwa naira ba. Ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Ɗurar ma wani yaƙi ce. Sai an naɗe zomon a tawul, kai kaɗai a waje, a zura sirinji ta gefen baki bayan haƙoran gaba, a matsa kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Rabin kunun a bakin Farfesu yake ƙarewa, rabin a gemun Yaya.

Da ya warware, aka bi takarda. Mako na farko kashi uku na tsohon abinci da kashi ɗaya na sabo, na biyu rabi da rabi, na uku a juya lissafin, har a kai ga timoti zalla. Ƙaramin ƙunshin nan da aka guda tun farko shi aka sayo. Gimbiya dai ba ta bar wayonta ba: sai ta tsince alfalfa ɗaya bayan ɗaya ta bar timoti a kwano. Wannan hali na zaɓe sananne ne. A 2013, bayan wani bincike na Jami'ar Edinbura ya nuna yadda abincin zomo mai gauraye da hatsi ke jawo ciwon haƙori da na ciki, babban kantin Pets at Home na Birtaniya ya daina sayar da shi. Abin da ya karya Gimbiya shi ne rage awo. Da kwano ya daina cika, sai ta daina raina abin da ke ciki.

A nan ne kuma lissafin Yaya na farko ya rushe, domin bai taɓa tambayar nawa zomo ya kamata ya ci ba. Babban zomo mai nauyin fam 5 bai buƙatar fiye da kwatan kofi na felet a yini. Da wannan awo, ƙunshin fam 5 yana kai zomaye biyu fiye da wata guda. Ainihin abincin, kusan kashi 80 cikin 100, ingirici ne, sai ɗan ganye. Zomo na da haƙora 28 da ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙara kamar milimita 2 kowane mako, kuma taunar busasshiyar ciyawa ce ke goge su. Babban buhu ma asara ne ga mai zomo biyu, tunda felet na rasa ingancinsa idan ya daɗe a buɗe.

Inda araha ta gaskiya take shi ne wajen manoman da ke sayar wa masu dawaki ingirici. Dami guda daga gona ya fi ƙunshin kanti sauƙi nesa ba kusa ba, muddin kore ne, mai ƙamshi, ba ƙura ba ruma. Yaya ya ji haka ya farfaɗo. Ya je ya danna dami a kujerar bayan motarsa, ya dawo yana murmushi, ciyawa har cikin kunne.

Bai san timoti na cikin ciyayin da suka fi tayar wa mutane atishawa ba. Anti ta shiga motar za ta kasuwa, kafin ta fita layi idanunta sun yi ja, hanci na zuba. Aka sake komawa gona aka sauya da ciyawar ocad, wadda zomaye ke ci daidai da timoti kuma ta fi sauƙi ga masu irin wannan lalura. Motar kuwa an wanke ta an kuma wankewa, har yau idan aka kunna iska sai wani ɗan kara ya fito.

Yanzu fitsarin Farfesu ya washe, Gimbiya ta rage tumbi tana iya gyara kanta, Yaya kuma da kansa yake auna kwatan kofi kowace safiya, yana share saman da yatsa kada ƙwaya ɗaya ta wuce. Buhun dawakin dai yana nan a gareji kusan a cike. Duk mai doki a jihar Ohayo da ke buƙata, Yaya ya ce kyauta ne, amma mai shi zai zo da motarsa ya ɗauka.