Ragon Alhaji da Farantin Gyaɗa

A wani gari na bakin titi a ƙasar Kano, inda manyan motoci ke yada zango kafin su miƙa Arewa, an wayi gari ana saura mako biyu Babbar Sallah babu ragon wani Alhaji. Balami ne fari sol, an yi wata da watanni ana ɗura masa dusa da harawa har ya zama abin zuwa kallo. Cikin dare aka kwance shi daga turke, ko kukansa ba wanda ya ji.

Kafin hantsi labari ya game gari. Mai unguwa ya sa aka yi shela, bayan la'asar kowa ya hallara a ƙofar gidansa. Liman ya zo, sarkin tasha ya zo, shugaban 'yan sintiri ya zo da gorarsa, hedimastan firamare aka ba shi biro da takarda. Ban taɓa jin taron da aka yi a garin aka samu haɗin kai irin na ranar ba. Nan take aka yanke cewa kowane gida zai riƙa ba da naira 500 duk wata don 'yan sintiri. Daga magariba ba wanda zai bar dabbarsa a sake. Duk baƙon da aka gani zai fita gari da dabba, sai ya nuna shaidar wanda ya sayar masa.

Alhaji ya miƙe, muryarsa na rawa, ya ce akwai saura. Ya ce shi ɓarawon ma bai dame shi kamar mai saye ba. "Ba don akwai mai jira da kuɗi a hannu ba, wa zai kwance rago da tsakar dare? Mai saye shi ne uban ɓarayi." Jama'a suka ɗauki kabbara. Hedimasta ya rubuta.

Ana shirin shafa fatiha sai ga Inna ungozoma ta taho da sandarta. Shekarunta sun wuce a hana ta shiga taron maza, ga shi kuma rabin mazan da ke zaune ita ta yanke musu cibiya. Ta durƙusa daga gefe ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni, ka san mu ba karatu muka yi ba."

Mai unguwa ya ce, "Bismillah, Inna."

"In Allah ya sa aka ga ragon nan, shi ma za a yi masa bulala? Ai da ƙafarsa ya bi ɓarawon."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce Inna tsufa ya zo. Rago kuma me ya sani? An nuna masa dusa ya bi.

"To madalla. In kuma mai rago ne da kansa ya kwance shi bayan isha'i, ya kora shi tasha ya ce ya je ya nemo abincinsa, ya dawo da ragowa?"

Sarkin tasha ya ce wannan ai sai mahaukaci.

"Saura ɗaya, ɗan nan," ta juya wajen Alhaji. "In aka kama wanda ya saya, ya zamana babban mutum ne, ya zo zauren nan da dare ya ajiye kuɗi ya ce a rufa masa asiri?"

Alhaji ya ce ko ɗan uban wane ne sai ya ga alƙali.

Inna ta dafa sandarta ta miƙe. "Malam hedimasta, ka rubuta ukun nan yadda suka faɗa, kada ka rage ko wasali." Ta yi tafiyarta. Dariyar da ta rage a bakin wasu ta maƙale, aka shafa fatiha a gaggauce. Mai kaza a aljihu, in ji masu magana, ba ya jimirin as.

Abin da kowa a wurin ya sani, ba kuma wanda ya ɗaga, shi ne makonni uku kafin ɓatan ragon an yi wani zama a wannan zauren, amma ba a yi masa shela ba. Wata yarinya ce 'yar aji biyar, mai tallan dafaffiyar gyaɗa a tasha. Inna aka tasa da tsakar dare ta duba ta, don ba a so a kai ta asibiti a yi tambaya. Wanda ya cuce ta ba baƙon direba ba ne, mutumin gari ne mai shago da mota, wanda ba ya rasa sahun gaba. An zauna, an ce a yi sulhu, a kashe maganar don kada yarinya ta rasa mijin aure. Ya ajiye kuɗi a ambulan. Da asuba aka saka ta a mota zuwa wajen gwaggonta a ƙauye. Da mata suka taru a gidan suna, abin da aka fi maimaitawa shi ne, "Ita ma ai ba ta da kamun kai." Shi kuwa ya buɗe shagonsa ƙarfe bakwai kamar kullum, ana ta sayen sukari.

Ba na cikin masu tsine wa uwar da ta ɗora wa 'yarta faranti. Wanda ya san gidajenmu ya san lissafin. Maigida ya ajiye abin da ba zai kai azahar ba ya fita, wani ma bai ajiye ba. Matar tana cikin gida, ba ta fita kasuwa, sana'arta ba ta da ƙafa sai ta yaranta. Ga zubin adashi, ga kayan ɗakin da in ba a tara tun yarinya tana ƙarama ba, ranar biki dangin miji za su yi ta zunɗe. Talla daga nan ta samo tushe, kuma ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma akwai wani lissafin da ake kau da kai daga gare shi. Gyaɗar naira 2,000 aka ɗora, yarinya ta dawo ƙarfe goma na dare da 5,000. Ranar da ta yi kwantai, har maƙwabta sai sun ji kukanta. Ranar da ta kawo abin da ya ninka kuɗin kaya, sai a ce Allah ya yi mata farin jini. Yarinya ba ta buƙatar a faɗa mata wanne ake so, ta riga ta gane. Shi ma mai cewa "kawo in juye duka, ki biyo ni ki karɓi kuɗin" ya san wannan lissafin sarai, da shi yake farauta.

Da dare hedimasta ya koma wajen mai unguwa da wata tsohuwar takarda a aljihu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar Inna fa tana cikin doka." Ya karanta masa cewa tun 2003 Nijeriya ta yi Dokar Kare Haƙƙin Yara, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma sashe na 30 ya hana a sayi yaro, ko a sayar, ko a yi hayarsa don talla ko bara ko karuwanci, hukuncinsa ɗaurin shekara 10. A shekarar ce aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, aka sake ƙarfafa dokarta a 2015, tana kuma da ofis a Kano. Tun 2019 ma akwai kundin ƙasa da ake shigar da sunayen waɗanda kotu ta kama da laifin fyaɗe.

Mai unguwa ya ce, "Malam, wannan dokar Abuja ce."

"Da can ne, ranka ya daɗe. A watan Mayun 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a kan ta Kano, bayan shekara 20 ana kai ruwa rana. Yanzu tamu ce."

Mai unguwa ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce su a garin nan ba su gaji tona asiri ba, kuma uban yarinya da kansa ya yafe. Hedimasta ya so ya tambaya ko an tambayi yarinyar, sai ya tuna takardar neman gyaran rufin aji uku tana hannun mutumin da ake magana a kansa. Ya yi sallama ya tafi. Washegari dai ya je wajen uban, ya ce in ya yarda zai raka shi su kai ƙara. Uban ya dube shi ya ce, "Malam, takin da na zuba a gonata bana bashin mai shagon nan ne. Kai za ka ba ni na baɗi?"

Wanda maganar Inna ta fi hana barci shi ne Liman. Shekara da shekaru in ya hau mumbari kan lalacewar tarbiyya, 'yan mata yake nufi: gyalensu, jan bakinsu, tsayuwarsu a bakin tasha. Maza su gyaɗa kai, su fita suna cewa Malam ya faɗi gaskiya. Juma'ar da ta biyo baya sai ya juya akalar. Bai kama sunan kowa ba. Ya ce suturta asirin musulmi da ake ta ambata an yi shi ne don wanda ya zame a tsakaninsa da Ubangijinsa, ba don wanda ya mai da 'ya'yan talakawa abin ciniki ba, domin rufa wa irin wannan asiri buɗe masa ƙofar gida na gaba ne. Ya ce kuɗin da aka ba ƙaramar yarinya don a lalata ta ba kyauta ba ne, ba taimako ba ne, kuma wanda ya karɓa daga hannunta bai tambaya ba, ya shirya amsar da zai bayar. Masallaci ya yi tsit. Da aka idar, wani dattijo ya tare shi ya ce, "Allah gafarta Malam, irin wannan ai ba a mumbari ake yin ta ba." Mako na gaba mutum uku daga sahun gaba suka koma yin Juma'a a garin maƙwabta, buhun shinkafar da aka saba aiko wa Liman da Sallah kuma bai iso ba.

Su mata ba su yi taro ba, a wajen zubin adashi suka yi tasu. Inna ta ce ita ba ta hana kowa sana'a, amma duk yarinyar da aka tura tasha bayan magariba, kada uwarta ta aiko a tashe ta ranar haihuwa. Wasu suka ji haushi, suka ce ita da ba ta da 'yar aurarwa me ta sani. Wata mai tuwo ta ce cinikin tasha ai na dare ne, da rana direbobi barci suke. Aka daɗe ana musu, har wata ta ce to ƙattin samarin da ke zaune a gindin bishiya suna kallon ƙwallo a waya fa? Daga ranar gidaje huɗu ko biyar suka fara ba yayyen yaran kula su kai tasha, suna tafe suna ƙunƙuni wai an mai da su 'yan talla. Ciniki ya ragu. Tuwon bai canza ba, miyar ma ita ce, amma wasu masu juye faranti sun daina jin yunwa. Wannan kaɗai ya isa a gane abin da suke saye tun farko, sai dai matar da cinikinta ya faɗi rabi ba ta da lokacin wannan nazarin, kuma biyu daga cikinsu sun mayar da 'yan matan kafin wata ya ƙare.

Da aka kai wa sarkin tasha maganar a hana 'yan mata shiga bayan magariba, ya ce shi motoci aka naɗa shi ya kula da su. Mai unguwa ya ce za a duba. Tarar dabbar da aka bari a sake kuwa har an ci mutum biyu.

Bayan kaka sai ga Hajiya dillaliya ta zo kamar yadda ta saba duk shekara. Ita ce mai kai yara aikatau Kano da Kaduna da Abuja. A hannunta ake biyan albashi, ita ke kawo wa iyaye abin da ta ga dama, kuma in ka tambayi uwa gidan wa 'yarta take, sai ta ce tana wajen Hajiya. Wasu sukan dawo da akwati da atamfa. Akwai biyu da aka ce an wuce da su ta Agadas, shekara uku ke nan ba wanda ya ji muryarsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole, amma a rajistar hedimasta, gaban sunan irin waɗannan yara "ta yi tafiya" kawai ake rubutawa.

Wannan karon yara uku ta tara. Motar na shirin tashi shugaban 'yan sintiri ya sa gorarsa a gaban taya. Ɗan Inna ne na wajen ƙanwarta. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, doka ce aka kafa. Ba a fita da komai daga garin nan sai da shaida. Ina takardar gidan da za a kai su, da sunan mai gidan, da lambar wayarsa?"

Hajiya ta ce wannan dokar ai ta dabbobi ce. Ya ce shi ma haka ya ji, amma bai ga inda aka rubuta ban da mutane ba. Jama'a suka taru, hayaniya ta kaure, aka aika a kira iyaye. Hajiya ta rantse ta maya, ta ce shekara nawa tana taimakon garin nan, yau ita za a wulaƙanta. Takarda dai babu, sunan mai gida kuma ta ce sai an isa za a san wanda ya dace. Da jin haka uwa ɗaya ta kama hannun 'yarta ta sauke ta. Ta biyu ta tsaya tana duban mijinta, da ya sunkuyar da kai ita ma ta sauke tata.

Uban ta ukun ya ce shi ya riga ya karɓi kuɗin wata uku, ya kuma kashe, kuma 'yarsa ce. Aka aika wajen mai unguwa, aka ce ya shiga wanka. Shugaban 'yan sintiri ya janye gorarsa, mota ta tashi.

Hedimasta ya rubuta lambar motar a tafin hannunsa, ya tambayi ƙanwar yarinyar cikakken sunanta da shekarunta, sannan ya hau babur zuwa kan gada, inda ake samun sabis, don ya kira ofishin hukumar NAPTIP a Kano kafin motar ta isa.