Ladubban Tara Mil ga Ma'abota Hawa Jirgin Sama

Ya kai ɗan'uwa mai yawan hawa jirgin sama, ko kana fatauci tsakanin Kantin Kwari da Guangzhou, ko kana zuwa Umara shekara-shekara, ka sani akwai wata dukiya da ake rubuta maka duk sa'ad da ka ɗaura ɗamarar kujera, wadda ba a ƙirga ta a tafin hannu, ba a kuma zuba ta a lalita, ita ce ake kira mil. Da yake na ga mutanen kirki da yawa suna zubar da ita saboda jahiltar hukunce-hukuncenta, wasu kuwa ta ɗauke musu hankali har sun manta abin da ya fitar da su gida, sai na ga ya wajaba in tsara 'yan ladubbanta.

Asalin al'amarin daga Amurka yake. Da hukumar ƙasar ta janye hannunta daga ƙayyade kuɗin jirgi a 1978, kamfanoni suka shiga rububin fasinja, har American Airlines ya fito da tsarin AAdvantage a 1981 don ya ɗaure matafiyi da igiyar kyauta; a 1987 kuma ya haɗa kai da Citibank aka yi katin bashi wanda mutum zai tara mil da shi alhali ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba.

Sharaɗi na farko shi ne rajista, kuma lalle sunan da ka rubuta ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, domin kwamfuta ba ta yi makarantar allo ba, ba ta san Muhammad da Mohammed mutum guda ne ba. Idan ejan ne ke yanka maka tikiti, ka tsaya a kansa sai ka ga ya shigar da lambarka. Guntun katin shiga jirgin nan kuwa, wanda aka saba rubuta lambar waya a bayansa ko a yi sakace da kusurwarsa, ka soke shi cikin fasfo, don shi ne shaidarka ranar da aka manta ba a rubuta maka ba, kuma galibin kamfanoni suna karɓar ƙorafi cikin 'yan watanni bayan tafiya.

Kada kuma ka raba hatsinka rumbu biyar, kowanne mudu-mudu, wato ka warwatsa milinka a kamfanoni daban-daban. Kamfanonin nan ƙungiya-ƙungiya suke: Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin Star Alliance, wadda aka kafa a 1997, saboda haka kati guda, kamar ShebaMiles na Habasha, yana iya tara maka ladan tafiya a dukkansu, Saudia tana cikin SkyTeam, Qatar Airways kuwa tana oneworld.

Amma mas'alar da ta fi bukatar tsantseni ita ce ta katin bashi, musamman ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, inda banki zai yi wa mutum alkawarin maki, wato mil, dubu goma-goma muddin ya kashe 'yan dubban daloli cikin wata uku. Ka riƙe wannan lissafi a zuciyarka: mil guda darajarsa ba ta cika wuce santi ɗaya da 'yan kai ba, alhali ruwan da katin ke ɗora wa wanda ya yi jinkirin biya yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara; wanda duk ya bar bashi ya kwana masa don kwaɗayin maki, to, ya je neman ƙiba ya samo rama, ga kuma nauyin riba a wuyansa. Ka saya da katin abin da dama za ka saya, ka biya duka kafin wa'adi, ka auna kuɗin shekara da ake cira da fa'idar da kake samu. Tun da kuma malamai sun yi saɓani game da sa hannu a yarjejeniyar da aka ambaci ruwa a cikinta, ko da mutum ya ƙudurta ba zai taɓa jinkiri ba, ka je ka zauna gaban malaminka tukuna.

In ana maganar gwanayen fannin, ba a tsallake David Phillips, wani injiniya a Kalifoniya. A 1999 ya ga kamfanin abinci na Healthy Choice yana ba da mil ga wanda ya aiko da lambobin jikin kayansa, sai ya bi kantuna ya kwashe kofi 12,150 na wani abin zaƙi mai kauri kamar daskararren kunu, a kan dala dubu uku da 'yan kai; ya ba ƙungiyar Salvation Army abincin sadaka, su kuma suka taya shi ɓamɓare lambobin, ya tashi da mil fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ka yaba basirarsa, amma ka lura sai da ya yi lissafi kafin ya ɗauki kwando.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, mil kuɗi ne wanda kamfani ke bugawa, shi ke yanka masa daraja, kuma yana iya wayar gari ya ce tafiyar da jiya ake yi da mil kaza yau sai an ƙara. Girman ribar da kamfanonin ke ci ya bayyana a 2020, lokacin annobar korona, da kamfanin jirgin United ya jinginar da tsarin milinsa ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma biliyan 9. Saboda haka ka ɗauki mil kamar goro, wanda komai kyan ganyen da aka lulluɓe shi da shi, in ya daɗe sai ya yanƙwane. Na Emirates ma shekara uku ake ba shi ya mutu. Na san wani Alhaji, mutumin arziki, da ya yi shekaru yana tarawa yana cewa sai sun kai su kai shi da iyalinsa Madina. Ranar da ɗansa ya buɗe masa asusun a waya, ya sa tabarau, ya nisanta wayar, ya kusanto da ita, ya tarar rabi sun tafi, ya daɗe bai ce komai ba sai salati.

Idan ka tashi kashewa, ka kashe a doguwar tafiya, ko a ɗaga ka zuwa kujerun gaba inda ake miƙe ƙafa, kada ka ɓatar da su a sayen turare da agogo. Ka tanadi kuɗin haraji a hannu, don shi galibi ba a biyansa da mil. Kujerun kyauta, wato na masu biya da mil, kaɗan ake warewa a kowane jirgi, na Ramalana kuwa tun da nisa ake wawashe su; in Hajiya mahaifiyarka kake so ka kai Umara da su, ka fara nema tun Muharram, ka kuma roƙa mata kujerar bakin hanya, don ta riƙa tashi ba sai ta tsallake kowa ba.