Kujerar da Ta Kayar da Surukina

Kafintan unguwarmu ne ya jawo komai. Da na tambaye shi kuɗin saitin kujerun kushin, ya faɗi abin da sai da na dafa bango. Na ce, "Haba Malam, katako ne fa da ƙusa." Ya ce, "To Alhaji, ga guduma." Ni kuwa ba a yi mini gatse in kwana da shi.

Na ƙudura ni zan haɗa ƙwarangwal ɗin da hannuna, masu soso da yadi su ƙarasa. Cikin watan Agusta, ruwa na zuba, na nufi kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa. Mai katako ya nuna mini busasshen madaci, ya kuma nuna malaina sabuwar yanka, har da danshinta. Ya ce, "Wannan sai ta sha iska tukuna." Na yi murmushi, don na san halin 'yan kasuwa da tura mutum ga mai tsada. Na kwashi malaina.

Wajen awo ban yi wasa ba. Na gwada kujerar ofishinmu, inci 18 daga ƙasa zuwa mazauni, na yanke nawa haka cif. A duk Kano ba a samu mai tsoron Allah ɗaya da zai gaya mini cewa soso ma yana da nasa tsayin ba. Kafintan dai ya leƙo ina cikin bugu, ya ce in sa 'yan guntayen katako a kusurwoyi, in shafa gam kafin ƙusa. Na ce ƙusa mai inci 4 ba ta neman taimakon kowa.

Mai kushin ya ja robar taya ya ɗaure, ya ɗora soso mai inci 6, ya lulluɓe da yadi ruwan zuma. Kujera ta fito gwanin sha'awa, sai dai ta kai inci 24. Maman Ummi ta zagaya ta, ta ce, "Baban Ummi, da tsani ake sayar da ita?"

Da hunturu ya kama, malaina ta fara bushewa tana murɗewa. Cikin dare sai ka ji ƙas daga falo. Ƙafa ɗaya ta daina gaisawa da ƙasa, muka cusa mata naɗaɗɗiyar kalanda.

Ana haka surukina ya zo daga ƙauye. Dattijo ne mai kwarjini, amma Allah bai ba shi tsayi ba. Ya yi bisimilla, ya tattare babbar riga, ya yunƙura ya haye, ƙafafu na lilo. Na durƙusa gaisuwa, tafin ƙafarsa saitin hancina.

"Baba, ina gajiya?"

"Babu gaji..."

Ƙaras! Ƙafar baya ta zame daga ƙusarta, kujera ta kwanta da shi kamar akuyar layya. Hula ta yi gabas. Dattijon arziki, bai katse gaisuwa ba. Daga bayan kujera muka ji murya: "Ya iyali? A kawo mini tabarma."

Har gobe ni hunturu nake zargi. Kafinta ya zo ya kwance soso da yadi ya ɗora a kan madaci, kuɗin da ya karɓa kuma ya fi wanda ya sa na dafa bango. Mai neman itacen girki ya yi mini magana, malainar yanzu ta bushe ƙayau.