Zomo da Malaman Tuƙi na Jos

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wai an yi wani Zomo a unguwar Gangare cikin garin Jos. Kawunsa ya tsufa, ya bar masa 'yar a-kori-kurar da yake ɗauko dankalin Turawa da ita daga Bokkos. Mota ga ta a ƙofar gida, amma Zomo ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Sai shi da abokinsa Biri suka bazama neman mai koya musu.

Suka fara da Ɗawisu a Rayfield, mai sabuwar mota dal da ke canza giya da kanta. Da ya faɗi kuɗinsa, Zomo ya ga sai ya sayar da a-kori-kurar kafin ya biya, ga shi kuma tasa mai kuloci ce. Suka yi sallama.

A Taminus Gizo ya tare su da fara'a. Ya ce, "Samari, tuƙi kuke nema? Kwana uku kun zama direbobi. Lasin ma har gida zan kawo muku, ba gwaji ba layi. Ku dai ba da kuɗin duka yau, da hoto bibbiyu."

Zomo ya ce, "Malam Gizo, ina makarantar taka take? Tana da rajista da Hukumar Kiyaye Haɗurra?"

Gizo ya ce, "Duk inda na tsaya nan ce makaranta."

Biri ya ji araha, nan take ya zazzage aljihu. Zomo kuwa ya koma gida ya gaya wa kakarsa. Ta ce, "Tafi Bukuru wurin Kunkuru. Amma kada ka biya sai ka ga motarsa, ka kuma tambayi waɗanda ya yaye." Da gaskiyarta, don almajirai ne shaidar malami.

Zomo ya tarar da tsohuwar mota, amma tayoyinta masu kyau ne, ga jan harafin L gaba da baya, ga birki na biyu a ɓangaren malam. Takardar rajista tana rataye a bango. Direbobi biyu da ya tambaya a tasha suka ce tsoho ba ya tsawa, ba ya kuma rage lokacin darasi. Kuɗinsa bai kai rabin na Ɗawisu ba, ya yarda a biya kashi uku, kowane biya da rasit.

Kunkuru ya dube shi ya ce, "Yaro, ka cika shekara 18?"

"Na cika, Baba."

"To, je ka karɓo takardar izinin koyo tukun. Ina jan tifa tun kafin a kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, na ga abin da gaggawa take yi wa mutane."

Makon farko alamomin hanya ne da duba madubi da ribas a fili. Biri kuwa har ya fara yawo da motar wani ɗan kasuwa, in ya wuce sai ya danna wa Zomo oda yana dariya.

Sannan aka shiga ainihin karatun Jos, wato hawa da gangara. Kunkuru ya kai shi wani tudu a Tudun Wada, ya sa ya tsaya a tsakiyar hawa. Ya ce, "Ja hambirek. Saki kuloci a hankali har ka ji mota tana rawa. Ka ji ta? Ƙara totur kaɗan. Yanzu sauke hambirek." Mota ta mutu. Aka sake, ta zame baya, Kunkuru ya taka nasa birkin ya ce, "Ba komai, sake." Gumi ya jiƙa Zomo duk da sanyin Jos, amma kafin la'asar ƙafarsa ta gane. Ran da hazo ya rufe gari da asuba, tsoho ya fito da shi, ya koya masa tafiya da ƙaramar fitila da barin tazara. Daga ƙarshe suka nufi Hawan Kibo, a hanyar Akwanga. Kunkuru ya ce, "Giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Kada ka saki mota a firi wai kana tsimin mai. Birki in ya ɗauki zafi ba ya ci."

Da karatu ya cika, Zomo ya karɓi takardar makaranta, ya yi gwaji gaban jami'an duba motoci na VIO, aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, aka ba shi lasin na shekara 3.

Ana nan sai Biri ya sami lodin dankali zuwa Akwanga. Da ya iso Hawan Kibo ya saki mota a firi, ya kwanta kan birki. Wari ya tashi, birki ya ƙi ci. Allah ya taƙaita, motar ta gogi dutse ta kwanta a gefe, buhuna suka watse, Biri ya karye a ƙafa. Shaho, jami'in hanya, ya sa lambar lasinsa a kwamfuta, babu shi babu dalilinsa. Aka je Taminus neman Gizo, aka ce ya tashi tun makon jiya.

Da ƙafar Biri ta warke, Zomo ya ɗauke shi a a-kori-kurarsa har Bukuru. Kunkuru ya buɗe littafi ya rubuta sunansa, aka fara masa daga alamomin hanya.

Ƙurunƙus kan ɓera.