Rabe-raben Jama'ar Dandali a Magarya da Dungas

Gidan matasa da al'adu, wanda mutanen Nijar suka fi sani da emjise, fili ne mai katanga da dakalin wasa da ƴan kujeru, wanda ake samu a manyan garuruwa domin wasan kwaikwayo da raye-raye da tarurruka. Inda babu shi kuwa, ƙofar fada ko farfajiyar lakwal ko filin kokowa kan ɗauki aikinsa, kuma dukkansu sunan dandali ya tattara su. A Magarya, da Dungas wadda aka cire daga cikinta ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da garuruwa irin su Bande da Waca da Malawa, inda kowa ya san kowa har da kakansa, wasan da ake yi a kan dakali sau da yawa bai kai wanda ake yi a gabansa armashi ba, saboda haka ƴan kallo da ƴan kwamiti sun cancanci a rarrabe su rukuni-rukuni.

Na farko, kuma wanda ya fi cancantar dogon bayani, shi ne tsohon ɗan samariya. Samariya ƙungiyar matasa ce ta gargajiya mai sarkin samari da muƙarrabansa, wadda gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita bayan juyin mulkin 1974, ta mai da ita hanyar tara jama'a domin aikin gayya da gasar wasanni, har aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Kunce ya rasu a 1987, samariya ta dusashe bayansa, amma labarin bai iso kunnen wannan dattijo ba. Yakan iso tun ba a jera kujeru ba, ya zaɓi wadda aka tanadar wa perefe, wato shugaban gunduma, ya zauna, ya jingine sandarsa, har sai yara uku sun durƙusa suna cewa "Baba, a yi haƙuri" kafin ya matsa kujera ɗaya tak. Babu tubali a katangar gidan da ba shi ya ɗora ba, ko da kuwa an sake ginin katangar sau biyu bayan ya daina ɗaukar kaya. Matsayinsa a bikin Damagaram yana ƙaruwa da yawan shekarunsa: a ruwayar farko shi ne ya sauko da ganguna daga mota, a ta tsakiya shi ya ja rawa, a ta baya-bayan nan kuwa shugaban ƙasa da kansa ya miƙe tsaye ya tambayi ɗan wane ne wannan. Idan kiɗa ya fara, yana buga sanda a ƙasa domin ya gyara wa makaɗi hannu. Idan wasa ya yi daɗi, sai ya girgiza kai ya ce a zamanin Kunce da wannan ko zagayen unguwa ba zai tsallake ba. Duk da haka ba a iya yi ba tare da shi ba, domin idan damina ta kayar da katanga shi kaɗai ke iya bin gida-gida ya tara gayya, kuma akwai takun rawa da dama da babu inda suka saura sai a ƙafafunsa, waɗanda yakan nuna wa yara bayan ya gama faɗan da ya zo yi.

Na biyu shi ne mai lasifika, wanda aka ba aikin gabatar da wasa cikin minti biyar, amma ya ɗauki kansa sanƙira, ya gaida perefe da magajin gari da sarki da wakilin sarki da wakilin wakilin, kowane da "ranka ya daɗe" sau uku, har man injin wuta ya kai rabi ba a ɗaga labule ba. Abokin aikinsa shi ne babban baƙo, wanda takardar gayyata ta ce masa ƙarfe huɗu, ya iso bayan magariba, ya yi jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci, ya tafi kafin fitowa ta biyu.

A bakin ƙofa ake samun masanin canji. Da yake yankin yana kan iyakar Najeriya, naira da sefa suna yawo tare a kasuwanninsa, wannan bawan Allah kuwa kullum kuɗin da ba a nema ba ne a aljihunsa, kuma zai tsaya yana lissafin farashin ranar da mai tsaron ƙofa har layi ya gaji a ce ya wuce. A bayan katanga kuma ƴan fada ne, fada kuwa ita ce majalisar samari masu shan shayi wadda ta yaɗu a ƙasar Damagaram tun shekarun 1990. Ba sa biyan ko dala, ba sa ganin komai sai ta saman gini, amma hukuncinsu ne ke zagaya gari kafin a sha shayi na uku, kuma babu ɗaukaka ƙara. A cikin gidan kuwa akwai mai ba da labarin gaba, wanda ya halarci gwaji sau ɗaya, don haka yake sanar da duk layinsa cewa mijin nan zai dawo kuma yana ɓoye a bayan rumbu.

Darakta rukuni ne na zamani. Ya je Kano sayen kaya, ya hangi masu ɗaukar fim daga nesa, ya dawo da baƙin tabarau da kalmomi huɗu na sana'ar, tun daga ranar kuma yake tsayawa a gaban kowa da wayarsa a sama yana ɗaukar hoton da babu abin da ke fita a cikinsa sai ƙeyar tsohon ɗan samariya. Kusa da shi akwai ɗan furoje, wato wanda ya ƙware a wasan faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, waɗanda suka yawaita a yankin tun bayan ƙarancin abinci na 2005. Yana iya tsara wasa a kan rigakafi ko gidan sauro ko wanke hannu a dare ɗaya, sai dai ilhamarsa ba ta sauka sai ya ji adadin perdiyam, wato kuɗin zama na kowace rana. Mai rake da mai ƙosai kuwa su kaɗai ne ke tashi daga kowane wasa da riba, mai kyau ne ko maras kyau, shi ya sa ba a taɓa jin sun kushe kowa ba.

Dukkan waɗannan ana yi musu dariya ana kuma son su, domin da damunsu ne dandali ke rayuwa. Akwai guda ɗaya da ba ya cikin wannan rangwame, shi ne mai kallo da dare, mai zagi da safe. Ba malamin da ya ƙi wasa bisa fahimtarsa ya kuma ƙaurace masa ake nufi ba, domin shi maganarsa da aikinsa ɗaya ne. Wanda ake nufi yakan shigo bayan duhu ya rufa, rawani har hanci, ya tsaya a layin ƙarshe ya yi dariya har da hawaye, gari na wayewa kuma ya zauna a majalisa ya kira ƴan wasan ƴan iska, ya ce duk yarinyar da ta hau dakali ta zubar da mutuncin gidansu. Saura mako guda a yi wasa sai ya janye ɗiyarsa, ya kuma bi ya zuga maƙwabta su janye nasu, dole samari su ɗaura zane da kallabi su fito a matsayin uwa da ɗiya, shi kuma ya kafa hujja da wannan a kan lalacewar zamani. Ta haka ne a yankin da aurar da yara mata da wuri ya yi yawa ake yin wasan faɗakarwa a kan barin ƴan mata su gama karatu ba tare da mace ko ɗaya a cikinsa ba. Ya ci daɗin wahalar yaran, ya hana su ladan mutunci, kuma babu wata fitowa da aka taɓa yi a dakali da ta kai tasa iya kwaikwayo.

Adalci ya hana a tsallake wani ƙaramin rukuni, wato mai nazari, wanda yake shiga kyauta da sunan bincike, ya samu kujera mai kyau, ya buɗe ɗan littafinsa yana murmushi yana auna laifin kowa. Bai taɓa ɗaukar benci ba, bai taɓa sa hannu a kuɗin man inji ba, kuma ranar gayya kullum takan zo daidai da ranar da yake da uzuri. Daga cikin wannan rukuni ake samun masu rubuta rabe-raben mutane, ƴan fada kuwa tuni suka raɗa masa suna, wanda ladabin rubutu bai yarda a kawo shi a nan ba.