Daga Ƙarfe Uku Zuwa Shida, Wa Ke Riƙe Mana Yara?

Ranar Lahadi bayan la'asar, a ƙofar masallacinmu na nan Bronx a birnin New York, wani Alhaji mai tuƙa tasi, mutumin Kumasi, ya tono mana magana. Ya ce ranar Laraba ya leƙa gida wajen ƙarfe huɗu don ɗaukar caja, sai ya tarar da ɗansa mai shekara goma sha ɗaya zaune a matakalar bene, jaka goye a baya, igiyar makulli a wuya amma makullin ya faɗi.

"To, uwar ɗakin naka fa, Alhaji?"

"Tana can Queens tana jinyar wata tsohuwa. Sai takwas."

Ba wanda ya yi dariya, don gidan kowa ya taɓo. Makaranta kan tashi wajen ƙarfe uku, mu kuwa a lokacin wani na kan sitiyari, wata na tsaye kan kitso. Da a Nima ne ko Damagaram, kaka na nan, gwaggo na nan, ko mai shagon bakin layi ya isa ya ja wa yaro kunne. A nan, sai ka shekara biyar ba ka san sunan maƙwabcinka ba.

Abin da ke rufa mana asiri shi ne shirin bayan tashi daga makaranta. Yaro ya zauna har shida, a taya shi aikin gida, ya buga ƙwallon kwando, a ba shi abin taɓawa. Birni na sa kuɗi, jiha na sawa, tarayya ma haka. Amma da zarar an ce kasafi ya yi giɓi, kan yara ake fara ɗora wuƙa. A 2020 magajin gari De Blasio ya soke shirin bai wa matasa aikin hutun zafi. A Nuwamban 2023 magajin gari Eric Adams ya zaftare kashi 5 cikin 100 na kuɗin hukumomin birni, har ɗakunan karatu suka daina buɗewa ranar Lahadi. A Yulin 2025 gwamnatin Trump ta riƙe sama da dala biliyan 6 na ilimi, ciki da kusan biliyan 1.3 na shirin bayan tashi daga makaranta. Kuɗin ɗakunan karatun ya dawo a 2024, na tarayya ma an sake shi kafin Yulin ya ƙare. Ba tausayi ya dawo da su ba, mutane ne suka tada jijiyar wuya, jihohi kuma suka garzaya kotu.

To mu muna ina? Muna nan muna anko! Mu ne gwanayen adashi. A yi rasuwa, cikin dare ɗaya mu tara kuɗin kai gawa gida. A yi suna, mu kama zaure mu yi liƙi da dala har maroƙi ya gaji. Amma a ce gobe akwai zama da ɗan majalisarmu na jiha, sai ka ji kowa yana da fasinjan filin jirgi. Maƙwabtanmu masu Sifaniyanci su cika bas su tafi Albany, mazaunin majalisar jiha, da 'ya'yansu, mu kuma mu tura wa juna hoton a WhatsApp mu ce, "Allah ya kyauta."

Wani dattijo ya gyara zaman hula ya ce, "Ni fa ban zo ƙasar nan roƙo ba. Kuma ko ƙuri'a ba ni da ita."

"Baba, takalmin ƙwallon nan mai tsada da wayar da ka saya wa jikanka, nawa aka ɗora maka a kai?"

Ya yi shiru. Kusan kashi 9 cikin 100 ake karɓa harajin saye a birnin nan, kuma mai kanti bai taɓa tambayar kowa katin zaɓe ba. Wanda ya zuba adashi ya zo kwasa, ai ba bara yake yi ba.

Wani kuma ya ce ai muna da Islamiyya. Muna da ita, Allah ya saka wa malamanmu, amma tamu Asabar da Lahadi ce. Litinin zuwa Juma'a, titi ne malamin, kuma shi ba ya neman kuɗin Laraba.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Gwamna kan gabatar da kasafin jihar New York a watan Janairu, wa'adin kammala shi kuma 1 ga Afrilu ne. Tsakanin nan ake cinikin, wanda bai je kasuwa ba kuwa sai abin da aka rago masa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a kira magariba, Alhajin Kumasi ya ce motarsa na ɗaukar mutum bakwai har da shi, Albany kuma tafiyar awa uku ce. Mutum biyu suka ce suna ciki, Baba ya ce a sa shi a gaba saboda gwiwa. Saura kujera uku. Mai ɗa a makarantar gwamnati ya ba ladan sunansa bayan sallar Juma'a.