Neman Mai Kama da Safiya

Tun ina saurayi sunan Safiya ya kwanta mini a rai. Suna ne mai asali: akwai Safiyya 'yar Huyayy cikin matan Manzon Allah (SAW), ga kuma goggonsa Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalib. Sai dai duk Beli an san wata Safiya da na daɗe ina kai wa rake da tsire wurin zance, ta tashi ta auri wani mai sayar da taki a Rogo. Uwargida ma ta san zancen, da ƙari.

Da Allah ya sauke ta lafiya aka samu mace, ƙanwa ga Abba, sai na ce in ba a samu Safiya ba, ai a samu mai kama da ita. Na je bakin hanya inda sabis ya fi kamawa, na tambayi waya. Ta jero mini su Sofiya da wasu sunayen da ko liman sai ya nemi tabarau. Na watsar, na rubuta nawa a bayan kwalin maganin sauro.

Na tarar da maijego tana shan kunun kanwa.

"Safinatu fa?"

"Kishiyar Innarmu ke nan. So kake Inna ta ƙi zuwa suna?"

"Sadiya?"

"Uku gare mu a gidan nan. In abinci ne duk su amsa, in aike ne kowacce ta ce ba ita ake nufi ba."

Sai na fito da wanda na ɓoye don ƙarshe: "To, Safara'u."

Ta ajiye ludayi. "Malam, Safara'u ta Kwana Casa'in? Ai sunanta na gaskiya Safiya Yusuf. Ka zaci ba na kallon Arewa24?"

Daga ranar duk sunan da ya fara da "Sa" ya shiga zargi. Sakina, Saratu, Salamatu, babu wadda ta tsira. Har sallama sai da na koma yi ƙasa-ƙasa.

Na kai kuka wurin Baba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya ce maka kai ke zaɓa? Tun ranar haihuwa na yi mata huɗuba da sunan Iya." Iya mahaifiyarsa ce, ta rasu kafin a haife ni, kuma ban taɓa jin wani ya kama sunanta na yanka ba. Na yi hamdala, ko ba komai na huta da kwali.

Ranar suna bayan asuba aka raba goro da dabino, aka kayar da rago, liman ya raɗa. Sanƙira ya miƙe ya buɗe murya: "Sunan yarinya Safiya!"

Goro ya sarƙe ni. Abokaina na zamanin zance suka riƙa miƙo mini hannu suna cewa lallai ni namiji ne. A cikin gida kuwa sai da aka ɗauko Goggo, yayar Baba, ta rantse cewa sunan uwarsu ke nan tun kafin a san za a haife ni.

Yanzu Baba ba ya faɗin sunan, don na uwarsa ne. Innata ba ta faɗa, don na surukarta ne. Yarinya ta zama Ummi. Ni kaɗai al'ada ta ba dama, tunda jika nake, akwai wasa tsakanina da kaka. Ran nan na ɗauke ta ina mata rawa, na ce, "Safiyata, Safiyata!"

Daga bakin murhu uwargida ta ce, "Wacce daga ciki?"